Dodon Tatsuniya Ba Ya Cin Kowa

'Ya'yana, gardamar da kuke yi a kan aljanu ta iso kunnena, kuma na lura kun rabu gida biyu. Akwai masu kwana da waya a kunne suna sauraren labarin amaryar da ta rikiɗa maciji da direban da ya ɗauki fasinja mai kofato, gari na wayewa su tura wa kowa. Akwai kuma waɗanda suka shiga kwalejin ilimi ta tarayya da ke nan Potiskum, suka ɗanɗani kimiyya, suka dawo gida kakarsu ba ta isa ta ce kada a zauna a bakin ƙofa da magariba ba sai sun tuntsire da dariya. Dukanku nawa ne, kuma kowane ɓangare yana riƙe da wani abin kirki. Ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan.

Zan fara da masu son labari, domin su aka fi yi wa gori, ni kuwa ban ga laifin son labari ba. Mu ma da shi aka raine mu. Bayan an ci tuwon dare a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tsohuwa ta gyara zama ta ce ga ta nan ga ta nanku, daga nan sai Gizo da Ƙoƙi, sai Dodo mai cin yarinyar da ta ƙi auren kowa sai mai haƙorin zinari, sai kura da ake yi wa wayo kullum ba ta gane ba. Yaro ya ƙanƙame ɗan'uwansa, gabansa na faɗuwa, amma in tsohuwar ta ce barci take ji, shi ne zai fara roƙon a ƙara ɗaya. Tsoron da ake ji a kusa da uwa, ga hasken fitila ga ƙofa a rufe, yana da daɗinsa, kuma yana koya wa zuciya jurewa. Abin da nake so ku tuna shi ne yadda ake rufe tatsuniya. Mai bayarwa da bakinta take cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, wata ma ta ƙara da cewa da ma ƙaryar ce. Ba a yaudari kowa ba. An shiga da yardar juna, an fito da yardar juna. Har ma aka kafa mata lokaci, aka ce wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa. Wannan ma camfi ne, amma ku dubi aikin da ya yi: rana ta noma ce da kiwo da karatun allo, dare ne na Dodo.

Garin nan kuwa ba ya rasa labari, don gari ne na matafiya. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi kusa da inda manyan motoci ke kwana ya ji na matar nan mai fararen kaya da ke tsayawa a bakin titi tsakar dare, wani ya ce a hanyar Damaturu ya gan ta, wani ya rantse a hanyar Azare ce. Ranar Laraba kuma, idan kasuwar shanu ta cika ta batse da Fulani da fatake da dillalai daga ko'ina, za ka ji ana cewa ba duk wanda ke ciniki a nan ne mutum ba, aljanu ma suna cin kasuwa. Ga gardawa da kurarsu da macizansu, ga 'yan dabo masu fitar da ƙwai daga hular ƙauye. Ina jin daɗin waɗannan duka, kuma ba na so su ɓace. Garin da ba a hira irin wannan a cikinsa ya yi talauci ko da rumbunansa cike suke.

Manyan marubutanmu ma ba su raina wannan fanni ba. Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, wanda aka buga a 1934, cike da aljanu da abubuwan al'ajabi, ya biyo da Magana Jari Ce inda aku ke riƙe ɗan sarki da zance. Shi ɗin dai ne ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Mutum ɗaya, alƙalami ɗaya, amma bai taɓa ɗauko aljanun littafinsa ya sa su a shafin labarai ba. Ya san wace tabarma ya hau. A zamaninku kuma ga littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, da matsafa da sadaukai da takubban sihiri, ga finafinan Indiya da aka mayar Hausa. Ku karanta, ku kalla, in dai ba su hana ku salla da karatu ba.

Akwai wani misali da ya fi wannan tsufa. A cikin Dare Dubu Da Ɗaya akwai labarin wani birni da aka gina da tagulla a tsakiyar hamada, wanda duk wanda ya hau ganuwarsa ya leƙa sai ya faɗa ciki bai dawo ba. A matsayin hira, labari ne mai ratsa jiki. Amma da wasu masu tarihi suka kawo shi a matsayin abin da ya faru, sai Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya ƙi karɓa. Hujjarsa mai sauƙi ce: ayari da masu ja-gora sun ratsa wannan hamada ciki da bai ba wanda ya ci karo da birnin, kuma tagullar da ke hannun mutane ba ta kai a gina gari da ita ba. Malami ne, alƙalin Malikiyya ne a Misra, ba wanda ya ce imaninsa ya raunana don ya yi wannan tambaya.

Wannan ya kawo ni kan abin da ke rikita yawancinku. Wasu suna jin cewa in sun yi shakkar wani labarin aljani to sun taɓa imaninsu. Ba haka ba ne, 'ya'yana. Mu Musulmi mun gaskata akwai aljanu, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. Amma gaskata samuwarsu daban, gaskata cewa su ne suka shiga jikin wance ranar Talata daban. Na farko saƙo ne daga Allah, na biyu da'awar wani ɗan'adam ce, shi kuwa ɗan'adam yana kuskure, yana ruɗewa, wani lokaci ma yana neman na cefane. Ku koma Suratu Saba'i ku ga yadda Annabi Sulaimanu, alaihis salam, ya rasu a tsaye yana dogare da sandarsa, aljanu na ta wahalar aiki ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Waɗanda ba su san mutuwar wanda ke gabansu ba, yaya za su gaya wa wani mai duba a lungu wanda ya sace miki sarƙa, ko wadda ta hana ki miji? Haka kuma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce don rasuwarsa ne. Magana ce da za ta ƙara masa girma a idon jama'a, ga shi yana cikin baƙin ciki, amma ya tashi ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Duk da wannan koyarwa, a watan Janairun 2001 da wata ya yi husufi, matasa a Maiduguri suka fita ƙone-ƙone suna cewa zunubin wasu ne ya jawo.

To ina iyakar take? Ni dai ma'aunina guda ne, kuma shi nake so ku riƙe: in an ba ku labari, ku tambayi kanku, idan wannan ƙarya ne, wa zai biya? Dodon tatsuniya ba ya cin kowa. In ƙarya ce, an yi dariya an kwanta. Matar bakin titi ma ba ta da dangin da za a je a ƙona musu gida. Amma da zarar labari ya nuna wani mutum da yatsa, ko ya miƙa hannu cikin aljihunka, ko ya tsaya tsakanin majinyaci da asibiti, to ya tashi daga hira, ya zama shari'a, ita kuwa shari'a sai da shaida.

Ku ɗauki maita. A hira, maye yana kama kurwa ya ɓoye ta a ƙarƙashin murhu, a yi ta jan zance. A zahiri kuwa, wadda ake kira mayya kusan kullum tsohuwa ce, ko bazawara, ko baƙuwa, wadda ba ta da ƙaton ɗa da zai tsaya mata. Ban taɓa jin an kama matar mai kuɗin unguwa an ce ta tsallaka majinyaci ba. A farkon 2025 wata babbar kotu a Kano ta yanke wa mutum 5 hukuncin kisa saboda sun kashe wata dattijuwa 'yar shekara 67 a gonarta. Mafarin abin, matar ɗayansu ce ba ta da lafiya, ta yi mafarki tsohuwar na bin ta da wuƙa. Mafarki fa. Wanda zazzaɓi ya rufe yana ganin fuskar duk wanda ke ransa, ya kira suna, mutanen ɗaki su ɗauka wahayi ne. Rai ya salwanta, gidaje biyar sun shiga uku, ita kuma majinyaciyar ba wannan ne ya zama maganinta ba.

Haka zancen satar mazakuta da ke tasowa lokaci zuwa lokaci, wanda ya sake yaɗuwa a Abuja da wasu garuruwa a 2023. Wani ya gaisa da baƙo, ya ji gabansa ya faɗi, ya kurma ihu, kafin a ce kwabo an tara wa bawan Allah jini da majina. In an kai mai ƙarar gaban likita sai a tarar komai na nan inda Allah ya ajiye shi. Tsoro ne ke sa jiki ya tsuke, kamar yadda sanyi ke sawa, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan firgici, an gan shi a Singafo a 1967 da wasu ƙasashen Asiya inda ba wanda ya san Bahaushe. Ku tuna garinmu garin baƙi ne. Ngizim da Karekare da Bolewa da Ngamo da Fulani da Hausawa da Barebari da mutanen kudu duk kasuwa ɗaya suke ci. Ranar da irin wannan ihu ya tashi, wanda ba ya jin yaren wurin ne zai fara shan duka. Kada ka ɗaga hannu, ɗana, kada kuma ka ɗaga waya kana ɗauka. In kana da murya, ka ce a kai su wurin hukuma a duba.

Na gishiri kuwa da yawanku kun yi wayo lokacin. A watan Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, aka tashi mutane da asuba da kiran waya: a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, kafin gari ya waye. Kowa ɗan'uwansa ne ya kira shi, don ƙauna. Aƙalla mutum 2 suka mutu, da dama suka kwanta asibiti, musamman masu hawan jini. Ita cutar kanta mutum 8 ta kashe a faɗin Najeriya, ba ta ko leƙo Yobe ba, kuma abin da ya tsayar da ita killace masu ɗauke da ita ne da bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da su, da tsayin daka irin na Dakta Stella Adadevoh da ta hana majinyacin farko fita daga asibiti, ta rasa ranta a kan haka.

Wanda ya fi damuna shi ne na rashin lafiya, don shi ne ke shiga kowane gida. Idan zafi ya tsananta, iska ta bushe, ƙura ta tashi, lokacin sanƙarau ke nan. Yaro ya kwana da ciwon kai da zazzaɓi, wuya ya ƙage, ya fara fizge-fizge da surutai, idanu su juye. Wallahi duk wanda ya gani zai ce iska ce ta taɓa shi. Amma ƙwayar cuta ce ta kama rigar ƙwaƙwalwa, kuma tana iya kisa cikin kwana guda. A annobar 1996 sama da mutum 11,000 ta kashe a ƙasar nan, mafi yawa a arewa. A farkon 2024 ta shiga makarantun kwana na garin nan ta ɗauke mana ɗalibai, a shekarar ce kuma Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke tare nau'i 5 na ƙwayar, Yobe na cikin jihohin da aka fara. Awannin da ake ɓatawa ana turare ana tambayar aljani sunansa, su ne awannin da allura take da amfani. Haka farfaɗiya, wadda ake gudun mai ita ana cewa kada yawunsa ya taɓa ka, alhali ba ta yaɗuwa, kuma akwai ƙwayoyi masu araha da ke riƙe ta ga mafi yawan masu ita. Shekara nawa aka yi ana cewa Inna ce ke shanye ƙafar yara? Ɗigon rigakafi a baki ne ya kawo mu 2020, shekarar da aka tabbatar an raba Afirka da asalin ƙwayar cutar shan-inna.

Yanzu na juyo kanku, masu dariya, kada ku ɗauka na ba ku gaskiya duka. Kun iya tambaya, wannan alheri ne. Amma na lura tambayar taku gefe ɗaya take kallo. In labari ya zo da rawani ko da zane sai ku bincike shi, in ya zo da Turanci da hoton Bature cikin farar riga sai ku haɗiye. A 2016 waɗanda suka zuba kuɗinsu a MMM don an ce zai haifi kashi 30 cikin 100 a wata ba tsofaffin ƙauye ba ne, masu digiri ne da wayoyi masu tsada, kuma a watan Disamba aka rufe asusun suna kallo. Tsakanin wannan da bokan da ke cewa kawo dubu goma aljani ya mayar maka dubu ɗari, bambancin kaya ne kawai. Mai shakka na gaskiya ya fi tsananta bincike a kan abin da ransa ke so ya zama gaskiya.

Sannan ku daina raina abin da mutum ya ce ya gani. Direban da ya taso daga Legas bai runtsa ba, ya ga mace a tsakiyar titi, ba ƙarya yake yi ba, ya gani. Ƙwaƙwalwar da aka hana barci tana fara mafarki ido biyu. Abin da yake bukata ya faka ya kwanta, kuma in tsoron matar ne zai sa ya faka, to ta yi masa rana. Ƙanwarka da ta ce dannau ya danne ta, ta farka ta kasa motsi, ta ji nauyi a ƙirji da wani abu tsaye a kanta, ita ma gaskiya ta faɗa. A lokacin mafarki jiki yana kulle gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, wani lokaci hankali ya riga jiki farkawa da 'yan daƙiƙoƙi. Yana samun mutane a kowace ƙasa, ya fi kama mai gajiya da mai kwanciya rigingine. In ka ce mata ƙarya take, ta rufe bakinta ta tafi wurin wanda zai saurare ta, shi kuma ya ce aljani ne ya aure ta, a kawo baƙin bunsuru. In ka zauna ka ce na yarda kin ji, ga yadda abin yake, ki yi addu'arki ki kwanta ta gefen dama, ka cece ta daga hannunsa.

Camfin tsofaffi ma ku riƙa tankaɗe shi kafin ku zubar. Da aka ce kada a watsa ruwan zafi a tsakar gida da dare ba sanarwa don 'ya'yan aljanu, ku tuna gidan da ba lantarki, yara na rarrafe a duhu. Da aka hana yaro zuwa gindin tsamiya ko tsohuwar rijiya da tsakar rana shi kaɗai, ku tuna maciji da rami. Wani kuma ba komai cikinsa sai asara, kamar hana yaro cin ƙwai wai zai yi sata, a ƙasar da tamowa ke kwantar da yara. Irin wannan a bar shi, amma da lalama. Tsohuwa ba ta sauya ra'ayi don an kunyata ta a gaban jikoki.

In kuna son ku nuna wa mutanen gida ƙarfin lissafi, ga hanya mai daɗi. Masana taurari sun ƙididdige cewa ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi husufin rana cikakke da zai ratsa Misra ya bi ta kan Jidda da Makka, kamar yadda suka sanar da na 29 ga Maris 2006 tun kafin ya duhunta Katsina da hantsi. Ku rubuta ranar a bango, ku gaya wa Kaka, ku bayyana mata cewa ba duba ba ne, tafiyar wata ce da Allah ya tsara a kan ƙa'ida har ake iya lissafa ta. Ranar in Allah ya kai mu ku yi sallar husufi tare da ita.

Idan kuma dare ya yi yaro ya sanƙare, uwa ta ce a kira mai ruƙiyya, kada ka tsaya kafa mata hujja, ba lokacin muhawara ba ne. Ka ce to Inna, a kira shi, amma ya same mu a hanya. Ka tare Keke Napep, ka sa ta a baya da yaron a cinyarta tana tofa masa Fatiha da Falaƙi da Nasi, kai kuma ka ce wa mai keken babban asibiti, ɓangaren gaggawa. In kun isa ka gaya wa ma'aikacin jinya ƙarfe nawa zazzaɓin ya fara, ko wuyan na lanƙwasuwa, da duk abin da aka riga aka ba shi a gida, har da jiƙo da rubutu, kada ka ɓoye komai don kunya.